Tafintan Rumfa

Sidi tamanin a yini, da shinkafar rana cikin roba,
a kan haka na ba su hayar harshena.
Bakin babbar kwatar Nima suka kafa rumfa,
kujerun haya, da allo mai tambari huɗu:
na gwamnati, na gunduma, da biyu na ƙetaren teku
waɗanda har yau ban iya kiran sunansu ba.

Madam Adjeley ta ɗaga hoton ƙanƙara tana narkewa,
wata farar dabba tsaye a kai, kamar ragon layya da ya ƙoshi.
Ta ce in gaya musu duniya tana ɗumama.
Na gaya musu.
Mma Zuwera ta daina fifita da takardar taro,
ta ce, "Gariba, tambaye ta:
bara da ruwa ya shigo mini ɗaki da tsakar dare,
ya hau gado, ya kwashe gero da takardar haihuwar jikana,
ita wannan dabba tana ina?"

Na gyara murya, na juya, na ce wa Madam,
"Tsohuwa tana godiya."
Allah Ka yafe mini wannan.
Tafinta rariya ne,
gari ya wuce, tsaki ya tsaya masa a wuya.

Mako na uku hotuna suka ƙare.
Aka kawo ganga, aka kawo ɓawon kwakwa,
irin wanda masu baro ke jibgewa bakin titi
har ƙudaje su yi masa zaman makoki.
A ƙone, a daka, a kwaɓa da ƙullun rogo,
a matse, a shanya. Gawayi ke nan, ba a sare itace ba.
Talatin suka sa hannu ranar kuɗin mota.
Sha bakwai suka dawo.
Da damina ta kankama, saura tara.

Rahinatu ba ta taɓa kallon bakina ba,
hannun mai koyarwa take kallo.
A nan na fara zaman banza a kan kujera,
don hannu ba ya neman tafinta.

Wata shida, kuɗi suka ƙare.
Wani babba ya zo da jiniya, ya yanka ƙyalle,
ya ce in ce kyauta ce daga gwamnati.
Sumaila tela ya yi dariya ta hanci:
"Harajinmu na kasuwa ne ya yi wanka ya dawo."
Injin matsa da aka yi alkawari kuwa
yana tashar jirgin ruwa ta Tema, in ji su.
Yana can. Ina jin ya yi aure a can.

Rahinatu ta fasa gindin gwangwanin tumatir,
ta ɗauko guntun taɓarya, ta yi nata injin.
Yanzu da asuba, kafin ladan ya rufe baki,
tukunyar kokon Mma Zuwera na tafasa a kan baƙin curinta,
kuma tsohuwa ta daina share ido da gefen mayafi.
Allon nan ya faɗi, an shimfiɗa shi kan ƙaramar kwata,
yara na taka tambari huɗu su tafi makaranta.
Babbar kwata tana nan yadda take,
cike da leda, tana jiran hadari.

Jiya Madam ta kira, za ta rufe rahoto.
Ta ce, "Me mutane ke cewa?"
Na tsaya a layin koko, kofi a hannu,
na zazzage mata tsakin duka:
gadon, geron, takardar jikan,
har da dabbar da ba ta zo jaje ba.

Waya ta yi shiru, na zaci kati ne ya ƙare.
Sai ta ce, "Maimaita a hankali. Ina rubutawa."